Magen Ƙofar Wambai

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a zamaninsa, 1095 zuwa 1134, ta tare mahara amma ba ta tare ɓera ba. Shi ya sa majema da 'yan zare na Ƙofar Wambai suka daɗe suna kiwon mage. Wadda yara suka firgita da jifa kuwa, har ta maƙale bayan tulin fatu tana huci, ba kowa ake ba wa ba. A buhu ake kai wa tsohuwa, wato kakata. Takan tura wa magen nono a sakaina ƙarƙashin gado, ta kore mu, tana cewa mu ji kunyar Abu Huraira. Mai leƙe kuma ranƙwashi yake sha, ko autanta ne.