Gishirin Litiyom da Gobarar Unguwar Fordham

Duk wanda ya san titin Fordham na Bronx, a birnin Niyok, inda 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma suke cin kasuwa, wasunsu kuma suke kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke mai batir, ya san cewa tun ranar 5 ga Maris, 2023, da batirin litiyom na wani ɗan babur ya tayar da gobarar da ta cinye babban kantin abinci a Grand Concourse, kudu kaɗan da titin, sunan litiyom ya zama abin fargaba. A ganina fargaba ba ta wadatar ba, domin wajibi ne mutum ya san ɗabi'ar abin da yake kwana da shi a ɗaki, kuma gishirin da ake kira litiyom naitiret ya isa hujja a wannan mas'ala.

Farin gishiri ne, dangin wanda ake haɗa albarushi da shi, mai tsananin kwaɗayin ruwa, har idan aka bar shi a buɗe sai ya zuƙi laimar iska ya narke. Shi kansa ba ya cin wuta, amma idan zafi ya tsananta masa sai ya tarwatse ya saki iskar oksijin, wadda ita ce abincin wuta, saboda haka ake sa shi cikin wasu kayan wasan wuta, inda yake ba da jan harshe. Fa'idarsa mafi girma kuwa tana wajen ajiyar zafi, domin nau'insa mai riƙe da ruwa yana narkewa a daraja 30 kacal, yana haɗiye zafi mai yawa, kuma idan aka gauraya busasshensa da gishirin sodiyom da na fotasiyom sai haɗin ya narke da wuri, abin da masu tashoshin lantarkin rana suke bukata.

Haƙiƙa ba shi ne a cikin batirin keke na yau da kullum ba, sai dai illar ɗaya ce: sinadarin da ke cikin batirin shi ma yana sakin oksijin idan ya ɗauki zafi, don haka wutarsa tana ciyar da kanta, rufe ta da bargo ba ya kashe ta. Mutum 18 irin wannan gobara ta halaka a Niyok a shekarar 2023, shekarar da hukumar birnin ta haramta sayar da batirin da ba shi da shaidar gwaji.

Tun da yanzu ana haƙo ma'adinin litiyom a Nasarawa, neman iliminsa ya zama farilla a kan wasunmu. Kai kuma mai keke, don Allah kada ka sayi batirin da aka yi wa kwaskwarima saboda araha, kada kuma ka bar shi yana caji a bakin ƙofa alhali iyalinka suna barci.