Kuɗin Rage Noman Auduga a Gundumar Poinsett, 1933 zuwa 1938

A shekarar 1932 kuɗin auduga ya faɗi ƙwarai a Amurka, har laba guda ta komo wajen sent 6. Da Shugaba Roosevelt ya hau mulki, sai ya sa hannu a kan Dokar Daidaita Noma ran 12 ga Mayu, 1933. Manufarta ita ce Gwamnati ta biya manomi don ya rage abin da yake shukawa, in kaya suka ƙaranta kuɗinsu ya tashi. Amma dokar ta tarar an riga an yi shuka, don haka aka bi da garma aka tuge audugar eka wajen miliyan 10. An ce alfadarai sun yi ta turjiya, gama an hore su tun farko kada su taka shuka.

Gundumar Poinsett, cikin Jihar Arkansas, ƙasar auduga ce. Gonakinta manya ne, masu su kaɗan. Yawancin masu aikin, baƙaƙe da farare, noma-mu-raba suke yi, watau mai ƙasa ya ba da gona da iri da alfadari, a raba amfani biyu in kaka ta yi. To, a nan matsalar take: wane ne manomi a wurin doka? Mai ƙasa ne ya sa hannu a yarjejeniya, shi aka aika wa kuɗi, aka bar masa amanar ya ba na ƙarƙashinsa rabonsu. Da yawa suka ce sun cire bashin da suke bi. A yarjejeniyar 1934 kuwa, ko da an yi gaskiya, rabon ɗan noma-mu-raba bai wuce ɗaya bisa tara ba. In ya kai kuka, kwamitin gunduma zai je, kwamitin kuwa masu ƙasa ne suka cika shi.

Sa'an nan kora ta biyo baya, don gonar da aka rage ba ta bukatar hannuwa da yawa. Da Hiram Norcross ya sallami iyalai daga gonarsa kusa da garin Tyronza, sai mutum 18, farare 11 da baƙaƙe 7, suka taru a wata makaranta cikin Yuli 1934, suka kafa Ƙungiyar Manoma 'Yan Haya ta Kudu. H. L. Mitchell da Clay East na cikin jagororinta.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sashe na 7 na yarjejeniyar bai tsaya ba. Sashen ya ce mai ƙasa ya riƙe adadin 'yan hayan da ya saba, gwargwadon iko. Masu ƙasa suka ce adadi ake nufi, suna iya korar wani su ɗauki wani. Lauyoyin hukumar a Washington, Jerome Frank ne babbansu, suka ce mutanen nan ɗin dai ake nufi. A ganina fassarar masu ƙasa ta fi kusa da lafazin, shi ya sa laifin ya fi komawa kan waɗanda suka tsara shi. Cikin Fabrairu 1935 aka sallami Frank da abokansa, fassarar masu ƙasa ta zauna.

Ran 6 ga Janairu, 1936, Kotun Ƙoli ta rushe dokar, amma ba don 'yan haya ba, sai don harajin da ake karɓa daga masu sarrafa amfanin gona. Dokar 1938 ta ƙara wa ɗan noma-mu-raba rabo. Sai masu ƙasa suka lura cewa ɗan ƙodago ba shi da rabo ko kaɗan. Da yawansu suka sayi tarakta da kuɗin Gwamnati, suka sallami iyalan, suka koma ɗaukarsu aikin yini lokacin noman ciyawa da tsinkar auduga.