ZARE: Asalin Arduino, da mutumin da aka kusa manta sunansa

1/ Jama'a, duk wanda ya yi furojek ɗin kammala karatu a sashen lantarki ko kwamfuta a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa riƙe ɗan shuɗin allon nan Arduino ba. Amma mu nawa ne muka san inda ya fito? Yau zan ba ku labarinsa, har da rigimar da ke ciki. Ku gyara zama. 🧵

2/ Ni tankin ruwan gidanmu ne ya haɗa ni da shi. Kullum sai an manta injin jan ruwa a kunne, tanki ya cika ya yi ta zuba, Hajiya na faɗa. Na shiga Sabon Gari na sayo allo ɗaya da sensa da rile. Sati biyu ina fama. Ranar da injin ya kashe kansa da kansa, wallahi har tsalle na yi.

3/ Ga wanda bai san shi ba: allo ne da bai kai tafin hannu ba, a kansa akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira maikrokontirola. Kai za ka rubuta mata umarni a kwamfuta ka tura ta wayar USB: idan ruwa ya kai nan, kashe inji. Shi ke nan, za ta yi ta maimaita wannan aikin muddin akwai wuta.

4/ Kada ka zaci wani ƙarfi gare ta. Arduino Uno, wanda ya fito a 2010, ma'ajiyar aikinsa kilobait 2 ce kacal, wurin ajiye umarni kuma kilobait 32. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wancan kilobait 2 ɗin wajen sau dubu. Amma ya ishe shi kunna fitila, juya mota, auna zafi.

5/ Ita wannan ƙwaƙwalwar, dangin AVR, ɗalibai biyu ne suka ƙirƙiro tsarinta a birnin Trondheim na ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan. Kamfanin Atmel ya fara sayar da ita a shekarun 1990. Ku riƙe kalmar nan "ɗalibai", za ta yi ta dawowa.

6/ To yanzu mu tafi Italiya, wani ɗan gari mai suna Ivrea kusa da Turin. Nan ne gidan Olivetti, masu ƙera tafireta. Wataƙila kakanka ya buga takarda da irinta a ofis. A 2001 aka buɗe wata makaranta a garin, inda ake koya wa masu zane da fasaha ƙera abubuwan da ke amsa wa mutum idan ya taɓa su.

7/ Matsalar ita ce waɗannan ɗaliban ba injiniyoyi ba ne. Allon da suke amfani da shi a lokacin, BASIC Stamp, ya yi wa aljihunsu tsada, ƙarfinsa kuma bai kai abin da suke so ba. Sauran ƙwaƙwalen kuwa, kafin ka kunna ƙwan fitila ɗaya sai ka karanta littafi mai ɗaruruwan shafuka.

8/ A nan wani ɗalibi ɗan ƙasar Kolambiya, Hernando Barragán, ya shigo. Kundin digirinsa na biyu, wanda ya kammala a 2004, shi ne wani tsari da ya sa wa suna Wiring: allo da manhaja da sauƙaƙan kalmomin umarni. Masu duba aikinsa su ne Massimo Banzi da Casey Reas, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro manhajar Processing.

9/ Kalmomin nan da kake rubutawa ido rufe, pinMode, digitalWrite, digitalRead, daga Wiring suka fito. Duk lokacin da ka sa ƙwan da ke ƙafa ta 13 ya yi ƙifta-ƙifta, da kalmomin wannan ɗalibin kake magana. Ya gama karatu ya koma gida, ya kama koyarwa a jami'a a Bogota.

10/ A 2005, Banzi da wasu suka ɗauki manhajar Wiring, tunda a buɗe take ga kowa, suka ɗora ta a kan ƙwaƙwalwa mai araha, ATmega8. Burinsu allo ya tsaya wajen dala 30. Mutum biyar ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa aikin: Banzi, David Cuartielles, Tom Igoe, Gianluca Martino da David Mellis.

11/ Sunan fa? Wata mashaya ce a Ivrea da suke zama, ita kuma ta ci sunan Arduin, ɗan yankin da ya zama sarkin Italiya a shekarar 1002. Wato sunan sarkin da ya yi mulki shekara dubu da suka wuce ne ke rubuce a furojek ɗinka. 😅

12/ Ga shawarar da ta sa allon ya iso hannunmu. A lokacin makarantar na gab da rufewa, suna tsoron aikin ya mutu tare da ita. Sai suka saki zanen allon gaba ɗaya da lasisin da ya ba kowa izinin kwafa, gyarawa, har da sayarwa. Abu ɗaya suka riƙe: sunan Arduino.

13/ Har kuskurensu aka kwafa. Duba Uno ɗinka, tazarar da ke tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8 ba daidai take da sauran ba. Kuskure ne aka yi tun a zanen farko. Kafin a farga, mutane sun riga sun ƙera kayan da ake ɗorawa a kai bisa wannan awon, dole aka bar shi haka har yau.

14/ Masana'antun Chana suka shiga ƙera shi da araha sosai. Nawa ma irinsu ne. Na jona shi kwamfuta ta ƙi ganinsa, na ɗauka an sayar min da gawa. Ashe sun sauya ƙwaƙwalwar USB ɗin da wata mai arha, CH340, sai ka sa mata direba. Na san da yawanku kun sha wannan. Kuma ba sata ba ce, matuƙar ba su buga sunan Arduino a kai ba.

15/ Sunan nan kuwa shi ya haɗa su faɗa. Kamfanin Martino, mai ƙera allunan, ya yi wa sunan rajista a Italiya. Zuwa 2015 an shiga kotu, an samu Arduino biyu da shafin intanet biyu. Ɓangaren Banzi har suka koma sayar da nasu da sunan Genuino a wajen Amurka. Sai a Oktoban 2016 aka sanar da sulhu.

16/ A wannan shekarar ta 2016 Barragán ya fito ya rubuta nasa ɓangaren labarin. A cewarsa ba a gayyace shi cikin tafiyar ba. Gaskiya shafin Arduino yana ambaton cewa an gina shi a kan Wiring. Amma shekara goma 'yan jarida suna ba da labarin mashaya da mutum biyar, sunansa bai cika fitowa ba.

17/ A Ingila ma malami ne ya damu. Eben Upton a jami'ar Kambirij ya lura masu neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa wasa da cikin na'ura ba, ba kamar 'yan zamanin BBC Micro na shekarun 1980 ba. Gwajinsa na farko a 2006 ma da ƙwaƙwalwar Atmel ya yi shi.

18/ Ranar 29 ga Fabrairun 2012 Raspberry Pi ya fito a dala 35. Shi cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux, ka jona mata talabijin da madannai. A 2015 suka fitar da Pi Zero a dala 5, har aka manna shi kyauta a bangon mujallarsu. Zuwa 2024 sun sayar da fiye da miliyan 60.

19/ Shawara ga masu zaɓe tsakaninsu, musamman mu da ake ɗauke wa wuta babu sallama: Pi yana aiki da katin ajiya, idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu katin na iya lalacewa. Arduino kuwa wuta na dawowa zai tashi ya kama aikinsa daga farko. Aikin tanki ko ban ruwa, shi ya fi dacewa.

20/ Sai 2014, kamfanin Espressif na Shangai ya fito da ESP8266, ƙwaƙwalwa mai Wi-Fi a kuɗi kaɗan. Bayananta kusan duk da yaren Chana suke. 'Yan sa-kai a intanet suka zauna suka fassara, wasu suka sa ta fahimci umarnin Arduino. Ƙanwarta ESP32 ta biyo baya a 2016.

21/ A Oktoban 2025 kuma katafaren kamfanin Qualcomm na Amurka ya sanar zai sayi Arduino, ya ce za a ci gaba da barin abubuwa a buɗe. Masu harkar sun zuba ido. Abin da aka riga aka saki dai ba ya komawa keji, zanen Uno yana hannun duniya.

22/ Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Umarnin da na yi aikin tanki da shi, rabinsa a intanet na samo. A samansa akwai sunan wanda ya rubuta, na goge na sa nawa kafin in nuna wa abokai. Da na karanta labarin Barragán kunya ta kama ni. Na koma na nemo shafin, na mayar da sunan mutumin.

23/ Don haka 'yan furojek, kwafa ba laifi ba ne a wannan harkar, don haka aka sake ta. Amma ka bar sunan mai shi a inda ya sa, ka fahimci abin da ka kwafa, in ka gyara ka saki naka wani ya amfana. Me ka taɓa haɗawa da Arduino, ko me ka ƙona? Ku ajiye hotuna a ƙasa mu gani. 👇