Daga Yaron Mota Zuwa Maigareji: Tarihin Gyaran Manyan Motoci a Ƙasar Ruma

Idan aka ambaci ƙasar Ruma, abin da ke fara zuwa zuciyar mai karatu shi ne jarumtar Ɗanwaire, ko Dajin Rugu, ko kuma rogon Batsari. To amma akwai wani tarihin da ba a cika kula da shi ba, wato na mutanen nan masu baƙin mai a riga, waɗanda in ba don su ba da rogon ya ruɓe a gona.

Asalin maganar daga jirgin ƙasa ta faro. Dogo ya iso Kano a 1911, wani reshe kuma ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, amma bai leƙo yammacin Katsina ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da hatsin su Batsari da Safana, da jakuna da raƙuma suka gaji, sai a kan gingimari suka koma. Mota kuwa in ta mutu a tsakiyar daji ba ta san wani injiniya ba, sai direba da yaronsa.

Nan ne makarantar farko. Yaron mota zai fara da ɗaure kaya da sa waigi a taya, sannan ya koyi cire iska daga bututun mai in gas ya ƙare a hanya. Wanda Allah ya ba kai sai ya bar bin mota ya zauna gareji, uba ya kai shi da goro ya damƙa wa maigida amana. Shekarar farko ba ya taɓa inji, aikinsa wanke ƙarafa da miƙa sifana, wani lokacin har da aiken gidan maigida. Sai bayan shekaru a yaye shi.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da ta ƙananan motoci shi ne injin kansa. Wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a 1897 ba ya amfani da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Don haka ran injin yana ga famfon mai da nozul, kuma gwanin gaske daga ƙara da launin hayaƙi yake gane ciwon. Baƙin hayaƙi, mai bai ƙone duka ba. Shuɗi, baƙin mai ne ke ci, a duba ringi. Wannan ya sa tsofaffin makanikai har gobe suke yabon Marsandi 911, don babu abin da ta ɓoye musu.

Shekarun 1970 zuwa farkon 1980 su ne lokacin cin kasuwarsu. Kuɗin fetur ya shigo, aka kafa kamfanin Steyr a Bauci, na Fiat a Kano, na Marsandi a Inugu. Shirin noma na Funtuwa ya fara a 1975, motocin noma suka yawaita, aka gina madatsar ruwan Zobe kusa da Dutsin-Ma, katafila da tifa suka cika hanya. Ɓangaren gwamnati ma ya motsa: an kafa hukumar kula da ilimin fasaha a Kaduna a 1977, ga kwalejojin sana'a irin na Mashi da Funtuwa, ga jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai uku. Sai dai a ganina an yi kuskure babba, domin an bar hanyoyin biyu kowace tana tafiyarta. Ɗan makaranta yana da takarda, hannunsa bai saba da sifana ba. Ɗan gareji zai iya kwance inji ya ɗaure da daddare, amma in kamfani ya nemi shaida sai ya yi tsuru-tsuru.

Abubuwa biyu suka zo suka tsananta wannan giɓi. Na farko tashin hankalin 'yan bindiga, wanda ya yi ƙamari a Batsari da Safana musamman daga 2019, ya hana noma a ƙauyuka da dama, ya rage zirga-zirgar motocin kasuwa. In mota ba ta shigo ba, me yaron gareji zai koya a kai? Na biyu, sabbin injuna kwamfuta ke auna musu mai, sai an jona na'ura ta karanta matsalar, kunne kaɗai ba ya isa.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Katsina da Jibiya, maƙwabciyar Batsari. Shekara 110 ke nan bayan isowarsa Kano. Irin injunan da ake wannan aiki da su kuwa, mai iya karanta allon na'ura ake kira ya duba su, kuma kafin a ɗauke shi sai an tambaye shi takarda.