Silima marar rufi da daren da ya kuɓuce wa Maiduguri

'Yan uwa ɗalibai, duk shekara da Yuni ta kama sai ku ga intanet ta cika da tallan manyan finafinan Amurka. Al'adar ba ta wani daɗe ba fa. Fim ɗin Jaws ne ya kafa ta a Yunin 1975, shekarar da aka buɗe jami'armu ta Maiduguri. Su lokacin hutun makarantarsu ne, ga zafi, ga ɗakin kallo mai sanyi. Mu kuwa damina ce, kuma silimar da iyayenmu suka sani ba ta da rufi. Sai rana ta faɗi ake haska fim, in hadari ya taso kowa ya yi ta kansa.

A Kano an fara da Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a El-Duniya, mutum sama da 300 suka rasu, jama'a da yawa suka ce fushin Allah ne. Tabon nan bai goge ba: wanda aka gani a ƙofar silima ɗan iska ne, mace kam ba a ma magana. Amma fa ana zuwa! Kwarori 'yan kasuwa suka riƙa kawo finafinan Indiya, har Mother India ya zama kamar ɗan gida. Da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo, daga Turmin Danya a 1990, kallo ya koma falo da gidan kallo na unguwa, lokacin sabon fim kuma ya zama Sallah, ranar da aljihu ke da nauyi.

A Maiduguri labarin ya fi haka ɗaci, domin duk wannan harka ta dare ce, daren kuma aka ƙwace. Bayan rikicin 2009 dokar hana fita ta zama abincin yau da kullum. A 2011 aka hana acaɓa, to wa zai mai da kai gida ƙarfe goma? A 2013 aka katse layin waya. A Yunin 2014 bam ya tashi a wajen kallon ƙwallo a Damaturu, ana tsaka da gasar cin kofin duniya, iyaye suka ƙara ja wa 'ya'yansu kunne kan shiga taro. Sai kuma 2021, aka fasa turakun lantarki, gari ya yi wata da watanni a duhu.

Shi ya sa ni ban ga laifin ƙannenmu da ba su taɓa jin ihun mutum ɗari a lokaci guda ba sa'ad da jarumi ya bayyana. Sun tashi ne da Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, abin da ake jira mako-mako. Kano ma sai 2015 ta samu silima ta zamani a Ado Bayero Mall. Mu a hostel har yanzu mutum ɗaya ke sauke sabon fitowa, sauran su karɓa ta Xender, kowa ya kwanta a katifarsa ya toshe kunne.