Kwamin Agwagi da Famfon Lantarki: Abin Lura a Gidajen Gadarif

A Gadarif da ke gabashin Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe suna noman dawa da riɗi, ruwa abin tattali ne. Daga kogin Atbara ake turo wa garin ruwa, kuma ba kullum yake zuwa ba. Shi ya sa mai kiwon agwagi a bayan gida kan so haɗa ƙaramin famfo da makunni mai iyo a kan ruwa: idan kwamin siminti ya yi ƙasa ya kunna da kansa, idan ya cika ya kashe. Dabara ce mai kyau, amma ta haɗa ruwa da wuta a wurin da yara ke wasa ba takalmi.

Wutar gida a Sudan bolt 230 ce. Jiƙaƙƙen jiki ba ya tare ta, kuma 'yar kaɗan da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Abin da ke kare rai shi ne na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta fara zurarewa. Tana da maɓallin gwaji. Mu riƙa danna shi lokaci-lokaci. Idan janareta ko inbata muke amfani da shi, sai mai gyaran wuta ya tabbatar tana aiki a kansu, domin wani haɗin ba ya barin ta yanke.

Sai wayar ƙasa, kuma a nan ƙasar Gadarif na da nata hali. Baƙar laka ce mai tsagewa da rani, sai ta janye daga jikin ƙarfen da aka kafa, haɗin ya raunana. A kafa shi da zurfi, inda laima ba ta ƙarewa. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, tsakar gida kan zama taɓo, don haka soket ya hau bango cikin akwati mai murfi, waya ta bi cikin bututu. Wayar da aka haɗa da salatif aka yar a ƙasa, wannan kam ba mu yarda da ita ba ko na kwana ɗaya.

Mu dai mun fi son famfo mai bolt 12 na sola, ko a ajiye injin nesa ya cika tanki a sama, ruwa ya gangaro wa agwagi da kansa.

Kafin wanke kwami a zare filogi, domin makunnin na iya tashi ba sallama. Idan agwagi suka ƙi shiga ruwa, ko hannu ya ji tsirr, a kashe wuta daga babban makunni. Wanda wuta ta kama, Allah Ya kiyaye, kada a taɓa shi sai an kashe ta, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin zuciya kan iya rikicewa daga baya.