Yumɓun da ke Ƙarƙashin Kwal: Yadda Aka Sha Fama Kafin a Raɗa wa Dutse Suna

 A wannan makon za mu bar tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, mu gangara ƙarƙashin ƙasa, inda kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba take iya rufta wa mutum dutse a ka.

A Biritaniya ta ƙarni na 18 da na 19, kafin mai kuɗi ya zuba dukiyarsa a haƙa ramin kwal, sai ya ɗauko masu huda ƙasa su gwada masa wurin. Aikinsu ya yi kama da na masu haƙa rijiyar burtsatse: ana dukan dutse da ƙarfe, ana kwaso garin da ya fito, shugaban aiki yana rubuta abin da aka ratsa da kaurinsa. Wahalar ita ce kowane yanki da bakinsa. Dutsen laka mai ɓarewa falle-falle, mutanen arewa maso gabashin Ingila suna ce masa “metal”, na tsakiyar ƙasar su ce “bind”, a Sikotilan kuma “blaes”. Yumɓun da kwal yake kwance a kansa, wani ya ce “thill”, wani “seggar”, wani “spavin”, wani “warrant”. Daga 1878 ƙungiyar injiniyoyin ma'adinai da ke Newcastle ta fara buga tsofaffin bayanan ramukan Northumberland da Durham a littattafai, kuma duk baƙon da ya buɗe su sai ya nemi tafinta, ko da Turanci ne harshen uwarsa.

Kada mu yi wa mutanen nan dariya. Kowace kalma daga cikin waɗannan daidai take a bakin mai ita, kamar yadda maginiyar tukwane a wajenmu ba ta haɗa yumɓu da taɓo, manomi kuma ba ya haɗa jigawa da fadama. Mu da muke rubuta “ƙasa” ga komai, alhali muna da laka da turɓaya da rairayi da marmara da tsakuwa, mu ne ya kamata mu ji kunya. Rikici yana farawa ne lokacin da takarda ta bar garinsu ta faɗa hannun wanda bai san bakin garin ba.

Kalmar da ta fi kowace jawo ruɗani ita ce “fireclay”, wato yumɓun wuta. Asalinta sunan kasuwa ne. Tun ƙarni na 17 masu yin gilashi a Stourbridge suke gina tukwanen narka gilashinsu da wani yumɓu da ake haƙowa a yankin, domin yana jure zafin da zai narkar da yumɓun gama-gari. Da masana'antar ƙarfe ta bunƙasa, sai aka shiga yin tubalin tanderu da shi, garuruwa irin su Glenboig a Sikotilan suka yi suna a kai. Mai kyau daga cikinsa yana jure zafin da ya haura digiri 1,500. Mahaƙa sun daɗe da lura cewa ƙarƙashin kwal ake yawan samunsa, amma dalilin hakan bai dame su ba, tunda yana sayuwa.

Wanda ya tsaya a kan dalilin shi ne William Logan, haifaffen Montreal a 1798, wanda ya je Swansea a 1831 don kula da wata masana'antar narka jan ƙarfe. Neman kwal mai kyau ga tanderunsa ya sa shi zana taswirar duwatsun kudancin Wales. A 1840 ya gabatar wa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan abin da ya gani: shimfiɗun kwal kusan ɗari a yankin, kowace tana zaune a kan yumɓu, yumɓun kuma cike yake da wani abu mai kama da reshe, jikinsa duk ƙananan ramuka, wanda ake kira Stigmaria. A lokacin masana sun rabu biyu, wasu na cewa ruwa ne ya kwaso itatuwa daga nesa ya tara su suka zama kwal, wasu na cewa a nan suka tsiro suka mutu. Logan ya ce ga ƙasar da suka tsiro a kanta nan. Ba a daɗe ba aka tono kututturan itatuwa a tsaye da Stigmaria manne a gindinsu, aka tabbatar saiwa ce. Wanda ya je Glasgow yau zai iya ganin irin waɗannan kututture goma sha ɗaya da aka gano a 1887, suna tsaye inda suka tsiro fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Shi kuwa Logan, a 1842 aka ba shi shugabancin hukumar binciken duwatsu ta Kanada, kuma dutse mafi tsayi a ƙasar sunansa yake ɗauke da shi.

Nan aka gane sirrin jure wutar. Saiwoyi da ruwan dausayi sun tsotse gishirin ƙasar da ke saurin narkar da yumɓu, suka bar wanda ba ya jin wuta. Sai dai daga ranar kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu. Ga mai yin tubali, yumɓun wuta shi ne wanda ya ci jarrabawar tanderu. Ga mai huda ƙasa, shi ne duk wata tsohuwar ƙasa mai saiwoyi, ko da za ta narke a wutar farko. Da yawa daga cikin abin da aka rubuta da wannan suna ba zai yi tubali ko ɗaya ba.

A farkon shekarun 1860 wani injiniya mai suna Leschot ya fito da bututun huda mai haƙoran daimon. Maimakon gari, sai dutse ya riƙa fitowa a dunƙule kamar sandar rake, a jera shi cikin akwati daga sama zuwa ƙasa. Yanzu ido yana iya aiki. Ana jiƙa sandar da ruwa don launi ya fito. Dutsen laka yana ɓarewa faifai-faifai, sumul, bisa layin da lakar ta kwanta. Yumɓun wuta ba shi da wannan layin, domin saiwoyi sun yamutsa shi tun yana ɗanye. Yana karyewa gungu-gungu, fuskar karayar tana sheƙi kamar an shafa mata mai, ga baƙaƙen zare suna ratsa shi ta kowace kusurwa. In aka bar shi a ruwan sama, kwana kaɗan sai a tarar ya dagargaje.

Dutsen laka mai yashi shi ne ɗan tsaka-tsaki mai wahalar sha'ani. Wani lokaci yashin yana zuwa ne siraran layuka farare a cikin baƙar laka, wani lokaci a cakuɗe, ba ka gani sai ka ji kaushinsa a yatsa. A 1922 Chester Wentworth ya tsayar da ma'auni: ƙwayar da ta kai daga kashi ɗaya cikin 16 na milimita zuwa milimita 2 ita ce yashi. Amma wa yake auna ƙwaya a bakin rami cikin sanyi? Har gobe masu aikin suna ɗan gutsura su taune: in ya yi ƙuras-ƙuras a haƙori akwai yashi ko ƙanensa, in ya yi santsi laka ce zalla.

Abin da ya sa ake wannan ƙwaƙƙwafi shi ne rufin rami. In yumɓun wuta ya faɗo a saman kwal ɗin da ake haƙa, waɗancan fuskoki masu sheƙi ba sa riƙe juna, sai gungu ya saki. A ƙasan rami kuma yana shan ruwa ya yi laushi, ginshiƙai su nutse cikinsa. Mahaƙan tsaunukan Appalachia a Amurka suna tsoron tsohon kututture da ya maƙale a rufi, wanda suke kira gindin tukunya, domin yakan zame ba tare da ƙara ba. Injiniyan da zai yanke yawan ƙarfen da za a ɗaure rufi da shi sau da yawa bai taɓa ganin sandar dutsen ba. Takardar mai huda kawai yake karantawa.

Wannan ne ya sa John Ferm da ɗalibansa, a jami'ar South Carolina sannan ta Kentucky, suka bi wata hanya a ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Ba su tilasta wa masu huda koyon manyan kalmomin jami'a ba. Sun tara sandunan dutse masu yawa, suka ware su gida-gida, suka ɗauki hotunansu masu launi, suka buga a littafin da za a riƙe a bakin aiki. Kowane iri yana da sunan da mai huda ya sani da kuma lamba uku: ta farko irin dutsen, ta biyu launi ko abin da ke cikinsa, ta uku yadda aka gina shi. Dutsen laka mai duhun toka 124 ne, in saiwoyi sun yamutsa shi ya koma 127, in yashi ya shiga sai lambar farko ta zama 3. Mutum ya ɗora dutse kusa da hoto, ya rubuta lamba, kwamfuta ta karɓa.

Duk da haka tsohuwar kalmar ba ta daina wasa da mutane ba. A gabashin Kentucky akwai wata shimfiɗar kwal da ake kira Fire Clay saboda wani siririn yumɓu mai tauri da ya raba ta biyu, wanda mahaƙa suke gane ta da shi a faɗin yankin. Da aka sa shi ƙarƙashin madubin bincike, sai aka ga tokar aman wuta ce da ta zubo a kan dausayin, ta danne tsirrai, daga baya wasu suka sake tsirowa a kanta.